Bado, Kainuwa da Darasin Bayoloji a Bakin Kwara

Akwai wani gwaji a littattafan bayoloji na sakandare wanda kusan kowane ɗalibi ya taɓa zana hotonsa: kwalbar gilashi cike da ruwa, mazurari a kife a cikinta, reshen tsiro a ƙarƙashin mazurarin, kumfa kuma na tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Sunan tsiron Elodea. Ɗalibi a Bahindi zai haddace sunan, ya rubuta shi a jarrabawa, ya ci maki, amma da wuya ya taɓa sa shi a ido, domin tsiron ɗan nahiyar Amurka ne, ta Turai ya biyo ya shigo littattafanmu. Yaron nan kuwa tun yana ƙarami yake cin bado, yake ture kainuwa da hannu kafin ya ɗebi ruwa, yake yankar burugu yana kai wa dabbobin gidansu. Abin da darasin ke son ya gane yana nan a fadamar garinsu, sai dai ba a taɓa gaya masa cewa wannan da wancan abu ɗaya ba ne.

Ƙaramar hukumar Bagudo, inda Bahindi take, ƙasar ruwa ce. Ta wannan kusurwa ta jihar Kebbi kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, bayan ya raba Nijar da Benin a tsakanin Gaya da Malanbil, ya wuce ta wajen Lolo da Illo, ya karɓi ruwan Gulbin Kebbi da ya gangaro daga Sakkwato da Argungu, sannan ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. Wani abu da ya bambanta wannan kogi da sauran gulaben Arewa shi ne sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka da ruwan saman yankinmu ke kawowa. Ta biyu tana isowa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa ne da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya baro lakarsa a can, ya iso mana garau. Masana na kiran ta farko farar ambaliya, ta biyu baƙar ambaliya. Saboda haka a lokacin da tafkunan Katsina da Daura suka ƙafe, masunci a Bagudo yana cikin kwalekwalensa, tsirran ruwa kuma suna nan kore shar. Malamin bayoloji a nan yana da abin koyarwa mai rai kusan duk tsawon shekarar karatu.

Wanda ya taso daga tudu ya nufi tsakiyar tafki zai ga tsirran sun jeru bisa zurfin ruwa. A gefe, inda ƙasa ke jiƙewa ta bushe, akwai jema da gumbi mai ƙaya da duman rafi. Gaba kaɗan, inda ruwa ke kai gwiwa, sai kajiji da shinkafar daji da burugu, saiwarsu a laka, kansu a iska. In ruwa ya kai ƙirji, bado ne, saiwa a ƙasa, ganye a kwance a fuskar ruwa. Sai masu yawo da ba su kama ƙasa ba sam, irin su kainuwa. Can ƙasa kuma akwai waɗanda duk rayuwarsu a nitse suke yin ta. Babin muhallin halittu na manhajar WAEC da NECO yana son ɗalibi ya san wannan jeri da dalilinsa, kuma igiya mai ƙulli a kowace mita da gora mai alamar zurfi sun ishi aji guda su auna shi, su rubuta abin da suka samu a kowane taki.

Bado ya cancanci a daɗe a kansa. Babbar matsalar tsiron da saiwarsa ke cikin laka ita ce numfashi. Saiwa na bukatar iskar oksijin kamar kowane sashe mai rai, amma wannan iska tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa sarari, lakar ƙarƙashin tafki kuwa kusan babu ita a ciki. Shi ya sa gero ko masara ke rawaya su mutu idan ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki. To, yaya bado ke yi? A yanke karan ganyensa a duba bakin yankan: ramuka ne a jere, suna tafiya tun daga ganye har saiwa. A tsoma baki ɗaya a kofin ruwa, a hura ta ɗaya bakin, kumfa za ta fito. Ɗalibin da ya hura da bakinsa ya ga kumfar ba zai sake mance yadda iska ke sauka daga ganye zuwa laka ba, ko da sunan Latin na waɗannan ramuka ya ɓace masa.

Ganyen ma darasi ne. Yawancin tsirran tudu ƙananan ƙofofin numfashinsu sun fi yawa a bayan ganye, inda rana ba ta bugu, don kada ruwan jikinsu ya ƙare. Bado bayan ganyensa a cikin ruwa yake, don haka ƙofofinsa a sama suke, saman kuma yana da santsin kakin da ke sa ɗigon ruwa ya gangare bai toshe su ba. Karan ganyen ba shi da ƙarfin itace, a ciro shi a ɗaga sai ya lanƙwashe, domin ruwa ne ke ɗauke da nauyinsa, kuma laushin ne ke ba shi damar bin ruwa in ya ƙaru ko ya janye. Farin bado da aka fi sani a yankinmu, Nymphaea lotus, da dare furensa ke buɗewa, ya rufe idan hantsi ya ɗaga. Idan tafki ya ƙafe, ganye ya mutu, curin da ke cikin laka na nan da abincin da ya tara, yana jiran ruwa ya dawo. Wannan curi da 'ya'yan bado su ne kakanninmu suka ci a shekarun yunwa, har yau ma yara na ci don marmari. A tsiro guda an samu numfashi, da tsarin ganye, da ajiyar abinci, da haihuwa, da tarihin yadda mutane suka tsira.

Kainuwa ta bi wata hanyar daban. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, domin ba wanda ya ga an shuka ta, ba ta kuma kama ƙasa ba. Saiwarta a reto take, tana tsotsar abinci kai tsaye daga ruwa. Ganyenta lulluɓe yake da gashi mai laushi da ke riƙe iska, a danna ta cikin ruwa a saki, za ta taso a bushe. Tana da fure, ƙarami ne ƙwarai, a ɓoye a tsakiyar ganye, kuma wanda ya duba shi da kyau zai ga kamarsa da na gwaza, don dangi ɗaya suke. Amma yawancin yaɗuwarta ba ta iri ba ce: uwa ke miƙa hannu gefe, 'ya ta tsiro a ƙarshensa, ita ma ta miƙa nata. A sa guda biyar a baho da ruwan tafki, a sa wasu biyar a wani bahon da aka ɗan zuba wa taki, a riƙa ƙirgawa duk mako ana rubutawa, kafin zango ya ƙare ɗalibai sun zana jadawalin ƙaruwar al'umma da alƙaluman da suka tara da kansu. Sun kuma ga dalilin da ya sa tafkin da takin gona da kashin shanu ke gangarawa cikinsa ke rufewa ruf.

Shi kuwa gwajin kumfa, akwai abin yin sa a gida. A ruwan da ba ya gudu sosai ana samun wani tsiro mai siraran ganye a zagaye da kara, ba shi da saiwa, masunta na yawan cire shi daga raga. Masana na kiransa Ceratophyllum. A sa reshensa a gorar roba mai haske, a zuba ɗan bekin soda don ƙara masa iskar kabon, a ajiye a rana, kumfa za ta fara fita ta bakin yankan. A ƙirga kumfar minti guda a rana, a koma inuwa a sake ƙirgawa, a rufe da baƙin ƙyalle a gani. Irin wannan lura ce wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya yi a 1779, har ya tabbatar cewa sai da haske koren ganye ke fitar da iskar da muke shaƙa. Kayan aikinsa ba su fi abin da malami a Bahindi zai iya tarawa ba.

Akwai wasu ƙanana da ido ke rainawa. Azolla, mai ɗan ja-ja da ke shimfiɗa a fuskar ruwan gonar shinkafa, tana ɗauke da wata ƙwayar halitta a cikin ganyenta mai kamo naitirojin daga iska, manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna takin shinkafa da ita. Utricularia kuma tarko gare ta, 'yan jakunkuna da ke zuƙe ƙananan halittun ruwa. Gansakuka mai zare-zare da ke sa dutse santsi, cikinta ake samun Spirogyra da ake tambaya a jarrabawa shekara da shekaru.

Inda nake ganin darasin ya fi kusa da rayuwar mutanen Bagudo shi ne shinkafa. Shinkafa tsiron ruwa ce, tana da ramukan iska irin na bado. Nahiyarmu na da tata ta asali, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin nan na Kwara a Mali wajen shekara 3,000 da suka wuce. Tsofaffin manoman fadama sun san irin da ke bin ruwa: kogi na ƙaruwa, kara na ƙara tsawo, kai na nan a sama. A 2009 masu bincike a Japan suka bayyana ƙwayoyin gadon da ke sa haka a shinkafar Asiya mai zurfin ruwa. Idan ruwa ya rufe tsiron, wata iska mai suna etilin na taruwa a jikinsa, ita ke umartar gaɓoɓin kara su miƙe. Akwai kuma dabara kishiyar wannan, ta irin da ke dakatar da girma ya yi lamo a ƙarƙashin ruwa har wajen mako biyu, ya adana ƙarfinsa sai ruwa ya janye. Da wannan hali aka samar da FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar wa manoman Nijeriya a 2017. Kowace dabara da wurin da ta dace: mai miƙewa don kwarin da ruwa ke daɗewa, mai lamo don inda ambaliya ke zuwa farat ɗaya ta wuce. Ɗan manomin da ya fahimci wannan a aji zai iya zama da mahaifinsa su tattauna irin da za a zuba a wace gona. A jihar da ambaliya ke cinye gonakin shinkafa a kai a kai, wannan ilimi na cikin abin da ke cika rumbu.

Burugu ma haka yake bin ruwa, karansa mai zaƙi na yin mita da yawa yana reto. Shi ne abincin shanun Fulani da rani, shi ne na ayu, a cikinsa kuma kifaye ke haihuwa. Bargi na share fili a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa, yauni kuma na tara ciyawa ya yi tasa mai yawo a kan ruwa. Sarkawa sun san wannan sarai, sun san watan da ake samun kowace. Zanen sarƙar abinci da ake kwafa daga allo da sunayen halittun wata ƙasa, masunci ɗaya zai cike shi da na gida cikin rabin sa'a, in an gayyace shi aji aka ba shi girmansa. Ba sabon abu ba ne a ɗauki ilimi daga bakin irin waɗannan mutane. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, a wurin manoma da makiyaya da masu magani ya tattaro su, kuma har yau masana na komawa gare shi.

Sai baƙuwar da ta shigo daga baya, mai kumburarren kara da kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi, wadda mutane da yawa ke haɗa ta da kainuwa a suna ko da yake ba dangi ba ne. Eichhornia crassipes 'yar yankin kogin Amazon ce a Kudancin Amurka, kyan furenta ya sa aka yi ta kai ta ƙasashe. A 1984 ta ɓulla a ruwan Badagiri ta Legas daga ɓangaren Benin, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma ta biyo Kwara daga Nijar ta isa tafkin Kainji, ma'ana ta gaban garuruwan Bagudo ta wuce. A yanayi mai kyau tana ninka kanta cikin kamar mako biyu, wato guda 10 su zama 160 a wata biyu. Irinta na iya kwana a laka shekaru masu yawa bai mutu ba. Inda ta rufe ruwa, haske ba ya shiga, tsirran ƙasa su mutu, ruɓewarsu ta cinye oksijin, kifi ya gudu ko ya mutu, raga ta yage, jirgi ya kasa wucewa. An yaƙe ta ta hanyoyi da dama. A Benin, cibiyar IITA ta saki wasu ƙwari masu cin ta, Neochetina, tun daga 1991. A Kainji, wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa ya sa al'ummomin masunta kwashe ta da hannu, aka kuma gitta shinge a kogi wajen Zamare don tare ta. Duk da haka tana nan, domin abin da aka kwashe a ƙasa, wani na tahowa daga sama. Ƙasashe tara ne ke cikin Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, mai hedikwata a Yamai, kuma wannan ciyawa na cikin abubuwan da ke nuna dalilin kafa ta. Yaron Lolo da na Madekali a tsallaken iyaka matsala ɗaya ke gabansu, ɗaya na karanta ta da Ingilishi, ɗaya da Faransanci.

Ba baƙo kaɗai ke ɓarna ba. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta daɗe a wurin, amma bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da, sai ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Ya kamata ɗaliban Kebbi su san wannan labari, tunda noman rani da famfo na ƙaruwa a fadamunsu.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi na kai darasi bakin ruwa, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko lafiya. Tsargiya a irin wannan ruwa ake kamuwa da ita. Ƙwan tsutsar na fita ta fitsari ko bayan gidan mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a tsirran ruwa, daga nan 'ya'yan su fito su huda fatar wanda ya shiga, sun kuma fi fita da tsakar rana. Ceratophyllum ɗin da na yaba a sama na cikin tsirran da katantanwar ta fi so. Malamin da ya tura yara cikin tafki ba takalmin roba ya cuce su. Abin yi shi ne babba ya ɗebo samfur da sassafe da safar hannu, ko a roƙi masunci, a tsince katantanwa tas, a ɗauraye da ruwan rijiya kafin yara su taɓa. Ba a sa ɗalibai a kwalekwale don darasi, kogin nan ya ci rayuka da yawa, kuma akwai dorina da kada a wasu wurare. Amma haɗarin kansa abin koyarwa ne. A arewacin Senegal, wani bincike da Jason Rohr ya jagoranta, aka buga a mujallar Nature a 2023, ya nuna cewa kwashe wannan tsiro daga mashigar ruwan ƙauyuka ya rage kamuwar 'yan makaranta da tsargiyar hanji, ciyawar da aka kwashe kuma ta zama taki da abincin dabbobi. A wuraren da har yanzu wasu ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro, darasin da zai nuna wa ɗalibi katantanwar da idonsa ya fi wa'azi goma.

Hujja ta biyu ita ce jarrabawa: lokaci kaɗan ne, manhaja na da faɗi, malami ɗaya ne a kan aji mai cunkoso. Gaskiya ne. Sai dai jarrabawar gwaji ta bayoloji samfur ake ajiye wa ɗalibi a ce ya duba, ya zana, ya faɗi yadda siffarsa ta dace da muhallinsa, kuma wanda ya saba riƙe tsiro yana dubawa ya fi wanda ya haddace zane shiri.

Ta uku ita ce ta fi damuna. Akwai tsoron kada hukuma ta fake da cewa ai fadama ta isa, ta ƙi gina ɗakin gwaje-gwaje. Fadama ba ta isa ba. Ƙofofin numfashin bado ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma. Ana shafa jan farce mara launi a ganye, in ya bushe a ɗaga shi da selotef a duba, amma dole sai da na'urar. Koren zaren da ke murɗe cikin Spirogyra ma haka. Ko madubin takarda na Foldscope, da Manu Prakash da abokan aikinsa suka ƙirƙira a jami'ar Stanford, mai ƙara girma sau 140 a kan kuɗi kaɗan, sai an saya an kawo. Sannan sani da hannu kaɗai bai zama kimiyya ba sai an haɗa shi da awo, da rubutu, da kwatanta baho biyu da suka bambanta a abu ɗaya tak. Wannan horo ne malami ke bukata, kuma wurin ba da shi kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi. Ɗalibin koyon malanta da ya gama karatu bai taɓa yanka karan bado ba, Elodea zai koyar, don ita ya tarar a littafi.

Kalandar makaranta ma sai an yi la'akari da ita. Zangon farko na faɗowa daidai cikar damina, lokacin da tsirrai suka fi yawa amma bakin ruwa ya fi haɗari. Zango na biyu shi ne na baƙar ambaliya, ruwa garau, sanyi, tafiya da sauƙi, shi ya fi dacewa da fita awo. Jarrabawar ƙarshe kuwa tana zuwa wajen Mayu da Yuni, ruwa ya ja baya. Don haka abin da aka gani a Janairu sai an adana shi: a matse ganye tsakanin tsofaffin jaridu a ƙarƙashin bulo, a manna a kwali, a rubuta sunansa na Hausa, da na Zabarmanci ko Fulatanci ko Dandanci in akwai mai sani a ajin, da na Latin, da wurin da aka samo shi da ranar. Masu rai kuma a riƙe su a randa ko rabin duro a inuwar makaranta, a rufe da gidan sauro don kada ya zama wurin haihuwar sauro. 'Yan matan da iyayensu ba za su bar su zuwa bakin kogi ba, a nan za su yi nasu gwajin. Baƙuwar ciyawar nan kuwa, in an gama aiki da ita, a shanya ta ta bushe ƙurmus a ƙone, kada a zubar da ita a kwata ko a wani tafkin da ba ta riga ta shiga ba.